Lantarkin da ke Nuna wa Jijiya Hanya: Fashin Baƙi kan Binciken da ke Cin Rayuwar Mai Yinsa

A shekarar 1981 wasu masu bincike uku, Hinkle da McCaig da Robinson, suka wallafa sakamakon wani gwaji wanda labarinsa bai fi a ba da shi a numfashi guda ba. Sun ɗauki ɗan tayin wani kwaɗo da masana ke kira Xenopus, suka ciro ƙwayoyin halittar da za su zama lakarsa, suka shimfiɗa su a kan gilashi cikin ruwan gishiri, sannan suka bi da ɗan lantarki ta cikin ruwan. Bayan 'yan sa'o'i suka leƙa ta madubin ƙara girma. Zaren da kowace ƙwaya ta fitar, wanda a da sai ya nufi duk inda ya ga dama, yanzu ya karkata zuwa gefen nagetif, wato gefen da ke da alamar ragi a jikin batir. Wanda ya riga ya kama hanyar fozitif ma ya lanƙwasa ya juyo. Ƙwayoyin da za su zama tsoka kuwa ba su bi ko ɗaya ba, sai suka miƙe a gicciye, kamar an ɗora sanda a kan hanya.

Colin McCaig, ɗaya daga cikin ukun, matashi ne a lokacin. Daga baya ya zauna a Jami'ar Aberdeen da ke Sukotlan har ya zama babban farfesa, kuma kusan duk abin da ya yi a shekarun da suka biyo baya ƙoƙari ne na amsa tambayoyin da wannan gilashi guda ya haifar. Abin da nake son warwarewa ke nan: wace irin tambaya ce za ta ci rayuwar mutum sukutum, kuma me ya sa har yau ba a gama da ita ba.

Sai mun share hanya tukuna. Hausa na kiran hanyar jini jijiya, tana kuma kiran hanyar saƙo jijiya. A nan ta biyun ake nufi, wato zaren da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi, ya kuma mayar da labarin zafi da taɓawa. Kowa ya ji cewa wannan saƙo da lantarki yake tafiya. Gaskiya ne, kuma Hodgkin da Huxley sun fayyace yadda yake a 1952, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963. Amma wannan walƙiya ce, tana zuwa ta wuce cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Lantarkin da muke magana a kansa wani ne daban. Ba ya walƙiya. A tsaye yake, yana daɗewa sa'o'i ko kwanaki, kuma a wajen ƙwayar halitta yake, cikin ruwan da ke kewaye da ita.

Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a ɗauke shi a matsayin gangare. Idan ƙarfin lantarki a nan ya fi na can, to akwai gangare tsakaninsu, kuma duk abin da ke ɗauke da caji zai ji ana jansa ko ana tura shi, kamar yadda ruwa ke jin gangaren ƙasa. Ana auna tsananin gangaren da milibolt nawa ke sauka a kowace milimita. Milibolt ɗaya shi ne kashi ɗaya bisa dubu na bolt, wato ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 yana da milibolt 1,500. A gwajin 1981, gangaren da bai fi milibolt 7 a milimita ba ya isa ya karkata jijiyar kwaɗo.

Gadon zargi

Duk wanda ya shiga wannan fage yana gadar tarihi mai kyau da tarihi mai wari a lokaci guda. Mai kyan ya fara ne da Luigi Galvani na Bolonya a Italiya, wanda a 1791 ya wallafa cewa ƙafar mataccen kwaɗo na motsi da wani lantarki na jikin dabbar. Alessandro Volta ya ce a'a, daga ƙarafan da Galvani ke taɓa kwaɗon da su lantarkin ke fitowa, kuma cikin wannan gardama ya ƙera batir na farko a 1800. Kowannensu na da rabin gaskiya. A tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe a Balin, Emil du Bois-Reymond, ya yanki yatsansa, ya tsoma shi cikin ruwan gishiri da aka haɗa da ma'auni, ya ga allurar ma'aunin ta motsa. Rauni na zubar da lantarki kamar yadda yake zubar da jini.

Mai warin kuwa ya fara tun da wuri. A 1803 Giovanni Aldini, wanda Galvani kawunsa ne, ya jona lantarki a gawar wani da aka rataye a Landan, 'yan kallo suka ga fuskar gawar tana motsi. Daga nan har farkon ƙarni na 20 kasuwa ta cika da ɗamarar lantarki da akwatunan lantarki da aka ce suna maganin komai, daga ciwon baya har rashin ƙarfin maza. Da aka tashi tsaftace koyar da likitanci a Amurka bayan rahoton Flexner na 1910, sai aka share masu damfara, aka haɗa da masu binciken gaskiya. Tun daga lokacin, mai cewa lantarki na sa jiki ya warke yana fara magana ne mutane sun riga sun ɗaga gira.

Duk da haka an ci gaba da gwadawa. Ross Harrison ya nuna a 1907 cewa ana iya renon jijiya a wajen jiki, a kan gilashi. A 1920 Sven Ingvar ya ce ya ga jijiyoyin ɗan tayin kaza na bin lantarki. A 1934 Paul Weiss, wanda maganarsa ke da nauyi ƙwarai a wannan ilimi, ya ce ba haka ba ne: lantarkin ya jera zararrakin da ke cikin abin da aka shimfiɗa jijiyar a kai ne kawai, ita kuma ta bi su. Marsh da Beams sun sake gwajin da kulawa a 1946, suka ga jijiyoyi sun fi tsiro ta gefen nagetif. Amma hukuncin Weiss ya riga ya zauna a zukata. Shekaru kusan sittin ke nan tsakanin iƙirarin Ingvar da lokacin da aka yarda da shi.

Abin da ya sauya al'amarin ba sabon tunani ba ne. Ma'auni ne. A Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana, Lionel Jaffe da ɗalibinsa Richard Nuccitelli suka ƙera wata na'ura a 1974: siririyar allura mai ɗan ƙwallon ƙarfe a baki, wadda ke kai da kawowa tsakanin wurare biyu sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Dabarar ita ce allura ɗaya ke auna wuraren biyu, don haka duk kuskuren da ke jikinta yana soke kansa, sai ainihin bambancin ya rage. Da ita aka iya jin lantarkin da ke shiga da fita daga ƙwai guda na ciyawar teku ba tare da an huda shi ba. Jaffe ya ga cewa tun kafin ƙwan ya nuna inda zai fitar da saiwa, lantarki ya riga ya fara shiga ta daidai wurin.

Daga hannun Jaffe da kewayensa ne akasarin manyan sunayen fagen suka fito: Nuccitelli, Kenneth Robinson, Richard Borgens, da Mu-ming Poo wanda ya yi aiki da shi. McCaig ya yi aiki da Robinson, sannan a Aberdeen ya yi aiki da Ann Rajnicek da Min Zhao. Idan ka bi sawun za ka ga fagen ya fi kama da zuriya fiye da taron jama'a.

Fata batir ce

Gwajin gilashi yana da babban rauni, kuma masu suka ba su yi jinkirin nuna shi ba. To, an ji, jijiya na bin lantarki idan ka ba ta. Amma wa ya ce akwai irin wannan lantarki a cikin jiki? Kaza ma za ta bi hatsi har cikin mota, wannan ba ya nuna cewa a mota take kwana.

Amsar ta fito daga fata. Ƙwayoyin fata, da duk wani tantani da ke rufe wani sashe na jiki, suna manne da juna sosai yadda ruwa ba ya ratsawa tsakaninsu. Kowace ƙwaya tana da ƙofofin da ke shigar da sodiyam ta fuskar waje, da famfunan da ke fitar da shi ta fuskar ciki. Famfon nan, wanda Jens Skou ya gano a 1957, yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu a kowane juyi. Sakamakon shi ne caji mai fozitif na taruwa a ƙarƙashin fata, har a sami bambancin milibolt gommai tsakanin ciki da waje. Wato fata lafiyayya batir ce da aka caja, ba a jona ta da komai ba.

Da zarar an yanke ta, an jona. Raunin ya zama ramin da cajin ke kwarara ta cikinsa, kuma daga kowane ɓangare na kewaye lantarki ke gangarowa zuwa bakin ramin. A 1982 Barker da Jaffe da Vanable suka auna wannan a fatar ɓeran Masar, suka sami gangare na milibolt 100 zuwa 200 a milimita daf da bakin rauni. Ka kwatanta da milibolt 7 da ya isa ya juya jijiyar kwaɗo. Sannan ga abin da ya fi ɗaukar hankali: a wannan gangare, tsakiyar raunin ita ce gefen nagetif. Ƙwayoyin fata da ke bin nagetif a kan gilashi, a jiki tsakiyar rauni za su nufa, daidai inda ake buƙatarsu. Kuma da raunin ya rufe, ramin ya toshe, sai gangaren ya ɓace da kansa. Alama ce da ke kunna kanta a daidai lokacin yanka, ta kashe kanta a daidai lokacin warkewa.

An sami irin wannan a wurare da dama. Borgens ya auna lantarki mai ƙarfi yana fita daga kututturen ƙafar wata halitta mai kama da ƙadangare da ke iya sake tsirar da ƙafa idan an yanke. A Shefil ta Ingila, likitar yara Cynthia Illingworth, wadda ta lura cewa kan yatsan ƙaramin yaro na iya sake tsirowa idan ba a ɗinke shi ba, ta auna irin wannan lantarki a yatsun yara a 1980. A ɗan tayi ma akwai shi. Hotary da Robinson sun soka wani siririn bututun gilashi a ɗan tayin kaza domin lantarkinsa ya zube ta wata hanya dabam, sai da yawa daga cikinsu suka taso da nakasa ta wajen wutsiya. Waɗanda aka soka wa sandar gilashi marar rami, wadda ba ta zubar da komai, akasarinsu lafiya lau suka taso. Gwajin da aka tsara da kyau ke nan: rauni iri ɗaya, bambancin kawai ko lantarki ya zube ko bai zube ba.

Yaya ƙwaya ke jin abin da bai kai a ji ba

Nan ne ainihin ƙullin yake, kuma nan ne shekaru suka tafi.

Mu yi lissafi. Ƙwayar halitta mai faɗin maikuromita 20, sai an jera hamsin kafin su cika milimita guda. Idan gangaren milibolt 100 ne a milimita, to bambanci tsakanin wannan gefe nata da wancan milibolt 2 ne kacal. Ita kuwa ƙwayar tana riƙe da bambancin kusan milibolt 70 tsakanin cikinta da wajenta a kowane lokaci, a kan wani tantani mai sirantaka da ba ta misaltuwa, har gangaren da ke kansa ya haura bolt miliyan 10 a mita. Kamar mutum ne a gindin injin da ke ruri, a ce ya ji raɗa daga nesa, ya kuma san ta wane gefe ta fito. Ƙari a kan haka, tantanin ba ya barin lantarkin waje ya ratsa cikin ƙwayar. Kewaye ta yake yi kamar ruwa da dutse. Don haka duk abin da ke jin wannan raɗa dole a jikin tantanin yake.

Bayani mafi ƙarfi ya fara ne daga Poo da Robinson a 1977. Tantanin ƙwaya ba bango ba ne, ya fi kama da mai a kan ruwa, kuma furotin da ke cikinsa, wato manyan sinadaran da ke yi wa ƙwaya ayyukanta, suna yawo. Da yawansu na da kai da ya leƙo waje, mai ɗauke da caji. Suka nuna cewa idan aka sa gangaren lantarki, wasu daga cikin furotin ɗin na sulalewa sannu a hankali su taru a gefe guda. Ƙwayar ba ta buƙatar jin lantarkin kai tsaye. Ya isa ta tarar da masu karɓar saƙonta sun yi yawa a gabas sun yi ƙaranci a yamma, sai ta ɗauka cewa kiran daga gabas yake.

Sai wata matsala ta ɓullo. Akasarin waɗannan furotin cajin nagetif gare su, ya kamata fozitif ya ja su. Amma an ga da yawa sun taru a gefen nagetif. Aka warware wannan da cewa fuskar ƙwayar, saboda cajinta na nagetif, tana tara ƙwayoyin gishiri masu fozitif a kusa da ita. Lantarki na jan waɗannan zuwa nagetif, su kuma su ja ruwan da ke manne da fuskar, ruwan ya kwashi furotin ya tafi da su. Wato iska na turawa gabas, ruwa na ja yamma, kuma girman furotin da yawan cajinsa ne ke yanke wanda zai rinjaya.

Wannan ya taimaka wajen fahimtar wani abu da ke ba sababbin ɗalibai haushi: babu doka ɗaya. Jijiyar kwaɗo na bin nagetif a kan wani irin shimfiɗi, amma Rajnicek da abokan aikinta sun nuna a 1998 cewa idan aka shafe gilashin da wani sinadari mai cajin fozitif sai ta juya ta bi fozitif. Jijiyoyin wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera a gicciye suke tsirowa. Na wani ƙaramin kifi da ake yawan gwaji da shi, Robinson da ɗalibinsa sun tarar ba su ma kula da lantarkin ba. A ganina wannan sakamako na ƙarshe yana cikin abubuwan da suka fi ƙara wa fagen mutunci, domin mutumin da ya yi shekaru yana kare ra'ayin shi ne ya fito ya ce ga inda bai yi aiki ba.

A Aberdeen an shafe shekaru ana bin abin da ke faruwa bayan furotin sun taru. Kan zaren jijiya mai tsiro yana da siffar tafin hannu da 'yan yatsu masu lalube. An nuna cewa kafin zaren ya juya, 'yan yatsun sun fi yawa ta gefen nagetif. An toshe ƙofofin kalsiyam, juyawar ta ragu. An toshe masu karɓar sinadarin asetilkolin, wanda kan zaren ke fitarwa da kansa, sai juyawar ta lalace. An bi ta kan ƙananan furotin da ke ba da umarnin inda za a gina ƙashin ƙwaya da inda za a rushe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jimloli aikin shekara biyu ne ko uku na wani ɗalibin digirin digirgir.

Yana da kyau a san yadda ranar wannan ɗalibi take, don ba ta da wani armashi. Da safe zai zauna gaban madubi da siraran allurai biyu yana fiɗar ɗan tayin da bai kai ƙwayar hatsi ba. Zai manna siraran gilasai ya yi ɗan kwararo marar zurfi, saboda lantarki na zafafa ruwa, kuma in ruwan ya yi zurfi zafin ba ya fita. Ba zai tsoma ƙarfen lantarki cikin ruwan ƙwayoyin ba, don ƙarfe na sakin guba yana kuma sauya tsamin ruwa. Sai ya sa ƙarafan a wasu kofuna dabam, ya haɗa su da kwararon ta bututu masu daskararren ruwan gishiri. Sai ya kunna, kyamara ta riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci har sa'o'i biyar ko fiye. Washegari ya zauna yana auna kusurwar kowane zare, ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa. Duk wannan taka-tsantsan amsa ce ga Weiss da magadansa: a tabbatar ba zafi ba ne, ba guba ba ce, ba kwararar ruwa ba ce.

Me ya sa fagen ya daɗe a gefe? Zargin tarihi na ciki, amma akwai dalilin da ya fi shi. Shekarun da waɗannan mutane suka yi suna aiki su ne shekarun da ilimin ƙwayoyin gado ya mamaye komai. An gano sinadaran da ke kiran jijiya ko su kore ta: Rita Levi-Montalcini ta sami Nobel a 1986 kan sinadarin da ke sa jijiya tsiro, aka kuma gano netirin, sinadarin da ke nuna wa jijiya hanya, a 1994. Sinadari yana da ƙwayar gado. Ka cire ƙwayar gadon daga ɓera, ka ga jijiya ta ɓace hanya, magana ta ƙare. Gangaren lantarki ba shi da ƙwayar gado guda. Idan kana son kashe shi sai ka toshe famfunan gishiri, su kuwa famfunan ƙwaya na buƙatarsu don ta rayu. Mai suka zai ce ba alamar ka kashe ba, ƙwayar ka jikkata. Ga kuma matsalar wanda zai duba takardar neman tallafi: masanin fiziks na ganin lissafin ya yi sauƙi, masanin halittu na ganin babu ƙwayar gado a ciki. Tallafin kuma shekara uku ne ko biyar, tambayar tana neman talatin. Shi kansa Poo ya koma nazarin yadda sinadarai ke juya kan jijiya, ya yi suna sosai a can, har ya zama shugaban farko na cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa da aka kafa a Shanghai a 1999.

Mutanen Aberdeen sun fuskanci matsalar ta hanyar ido. Tantanin gaban ido garai yake, ana ganin raunin da ke kansa, kuma akwai magungunan da ke ƙara aikin famfunansa da waɗanda ke rage shi. Suka nuna a idon ɓera cewa in an ƙara lantarkin raunin yana saurin rufewa, in an rage yana jinkiri. Cewa ƙwayoyin da ke rabuwa a bakin raunin suna daidaita rabuwarsu da gangaren. Cewa rassan jijiya ma suna miƙewa su nufi raunin. Sai a 2006 Zhao da McCaig, tare da Josef Penninger da wasu, suka wallafa a mujallar Nature abin da aka daɗe ana jira: ƙwayoyin gado biyu. Idan aka cire wadda ke samar da wani nau'in furotin da ake kira PI3K, ƙwaya na rasa bin lantarki sosai. Idan aka cire ta biyun, mai suna PTEN, wadda ke taka wa ta farko birki, sai bin ya ƙaru. A cikin aikin sun kuma nuna cewa in aka juya gangaren, ƙwayoyin bakin rauni na juya baya su bar raunin a buɗe, duk da sauran alamun da ke kiransu ciki. Daga ranar ne masu ƙwayoyin gado suka fara sauraro, saboda an yi musu magana da harshensu.

Daga gilashi zuwa gadon asibiti

Babban buri tun farko shi ne laka. Jijiyar hannu ko ƙafa in ta yanke tana iya sake tsirowa, kusan milimita ɗaya a rana. Ta laka ba ta yi. Borgens ya sadaukar da rayuwarsa a Purdue kan wannan. Ya fara da wani kifi mai kama da maciji a 1981, ya koma kan ɓeran Masar, sannan karnukan da suka shanye ta baya sakamakon lalurar ƙashin baya, ba waɗanda aka raunata don gwaji ba.

Ya ci karo da wata matsala mai kyau. A laka akwai zare masu hawa zuwa ƙwaƙwalwa, akwai masu saukowa. In ka sa nagetif a sama ka taimaki masu hawa, ka cuci masu saukowa, domin zaren da ke fuskantar fozitif yakan ja da baya. Mafitar ta fito daga gilashin kwaɗo: tsiro zuwa nagetif na farawa da wuri, ja da baya daga fozitif yana ɗaukar lokaci kafin ya soma. Don haka aka ƙera na'urar da ke juya gefen kowane minti 15, kowane ɓangare ya sami rabonsa na tsiro kafin cutarwar ta fara. An dasa ta a jikin mutum goma masu sabon raunin laka a Indiyana, aka cire bayan mako 15, aka wallafa sakamakon a 2005. Na'urar ba ta cutar ba, kuma an ga ƙarin jin taɓawa da jin tsini. Amma mutum goma ne, babu wani rukunin da aka ware a lokaci guda don kwatantawa, kuma wasu masu raunin laka kan ɗan farfaɗo da kansu a watannin farko. Babban gwajin da zai raba gardama bai biyo baya ba, na'urar ba ta zama magani a asibitoci ba. Borgens ya rasu a 2019.

Abubuwan da suka isa asibiti sun zo ne ta wasu ƙofofi. Tun 1979 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urorin lantarki don ƙashin da ya ƙi haɗewa, duk da cewa likitoci na ci gaba da gardama kan girman amfaninsu. A 2000 Tessa Gordon da abokan aikinta a Kanada suka nuna cewa sa'a guda kacal ta bugun lantarki sau 20 a daƙiƙa, nan take bayan an ɗinke jijiyar ɓera, tana sa zare su yi saurin tsallaka wurin ɗinkin. Daga baya an gwada a hannun mutane aka ga alamar haka. Akwai kuma na'urar Yoram Palti ta sankarar ƙwaƙwalwa, wadda aka amince da ita a 2011, mai lantarkin da ke juyawa sau dubu 200 a daƙiƙa don ya dagula rabuwar ƙwayoyin sankara. Sai dai a kula: waɗannan biyun na ƙarshe ba gangaren nan mai tsayawa ba ne, kuma ba hanya suke nuna wa ƙwaya ba. Masu tallar na'urori na son cakuɗa su duka a kira su lantarki mai warkarwa, kamar yadda masu ɗamara suka yi shekaru ɗari da suka wuce.

Masu shiga fagen yanzu sun tarar da kayan aikin da Jaffe bai samu ba. Akwai rini da ke sauya haske gwargwadon cajin tantanin ƙwaya, yadda za a ɗauki hoton lantarkin ɗan tayi gaba ɗaya. A Jami'ar Tufts, Michael Levin da abokan aikinsa sun sauya cajin wasu ƙwayoyi a ɗan kwaɗo, ido ya tsiro a wurin da ba na ido ba, har a ciki da wutsiya. A Princeton, Daniel Cohen ya ƙera na'urar da kwamfuta ke juya mata gangare ta kowace kusurwa, yana kora dubban ƙwayoyin fata dama da hagu kamar garke. Sunan karen kiwo ma ya sa mata.

Tsohuwar tambayar kuwa tana nan inda Poo da Robinson suka bar ta, ta ɗan ƙara ƙullewa. A 2013, a ɗakin gwajin Zhao da ya koma Kalifoniya, aka ɗauki ƙwayar fatar kifi, wadda aka sani da saurin bin nagetif, aka sa ta ta yanko wani ɓangare na jikinta marar cibiyar da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wanda shi ma yana iya rarrafe. Aka kunna lantarki. Uwar ta nufi nagetif. Guntun da ya fita daga jikinta, mai tantani iri ɗaya, cikin ruwa ɗaya, ya juya ya nufi fozitif.